Soyayya Ta Tsallako Katanga

Bishiyar lemon da ke tsakar gidan Sista ba ta da 'yar'uwa a duniya. Haka Sista take faɗi, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarin gishiri ba a kan abin da ya shafi ciwo ko shuka.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, lokacin tana aikin jinya a ɗakin tiyata, wani tsoho da aka yi wa aikin ƙaba ya kawo mata kwandon lemo na godiya. Ta ɓare ɗaya a tsaye a bakin ƙofa. Ba iri ko ƙwaya ɗaya a ciki, ɓawon siriri kamar takarda, zaƙi kuwa har kunne. Ta ce wa tsohon kwando ya yi, an gode, amma ita reshe take so. Washegari ya aiko da ɗan reshe kamar fensir, a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta zo gida ta tsaga ɗan lemun tsamin da ya fito mata a tsakar gida da wuƙar tiyata, ta cusa reshen, ta ɗaure da filasta kamar yadda take ɗaure yatsan yaro. Ya kama. Abin da masu lambu ke kira aure ke nan: ƙasa lemun tsami mai ƙaya da taurin rai, sama lemun zaƙi. Wurin da suka haɗu yana nan har yau, wani ɗan kumburi ne a jikin bishiyar daidai gwiwar mutum. Tsohon ya daɗe da rasuwa, inda tasa bishiyar take yanzu wurin wankin mota ne, lemon kuma ba shi da irin da za a shuka. In ta Sista ta mutu, shi ke nan, an rufe babin.

Sai ga soyayya ta tsallako katanga.

Ba Sista ce ta raɗa mata sunan ba, haka ta tashi ta ji ana kiranta. Wata irin ciyawa ce ruwan ɗorawa, siririya kamar zaren saƙa. Ba ta da ganye, ba ta da saiwa, ba ruwanta da ƙasa. Abin da ta iya shi ne ta rungumi wata shuka, ta nannaɗe ta, ta kafa mata baki ta yi ta tsotsa har sai ta bushe. Wanda ya sa mata wannan suna, ko wane ne shi, ya ga duniya.

Daga gidan Mai-Agogo ta fito. Shi ne maƙwabcin Sista na hannun dama, dattijo ne da matarsa ta rasu, ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo har wayar hannu ta zo ta rufe masa shago. Wata rana yana dawowa daga ziyara ya hango ciyawar a bakin hanya ta lulluɓe wasu ƙananan itatuwa kamar an watsa zinariya. Ya tsinko ɗan dunƙule ya sa a aljihu, ya zo ya jefa a kan shingen furannin da ya dasa a jikin katanga, wai don ado. Ado kuwa ya samu. Kafin damina ta raba tsakiya shingen ya koma rawaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wata safiya Sista ta fito da kofin shayinta, ta ga zare ɗaya ya miƙo ta saman katanga ya kama reshen lemonta, kamar mai ba da hannu a gaisa.

Shawara ba ta yi ƙaranci ba. Matar mai wanki ta ce a bar ta, magani ce, gidan da ta fito ba ya rasa alheri. Mai shagon maganin feshi ya ba da wata kwalba mai hoton ƙoƙon kai, ya rantse kwana uku ya yi yawa. Aka fesa, ganyen lemo ya ƙone, soyayya ta ƙara sheƙi. Malamin gona ya zo da takalminsa mai ƙyalli, ya tsaya daga nesa, ya ce a sare bishiyar daga tushe a dasa wata. Sista ta tambaye shi ina zai samo mata irin wannan. Ya ce ai lemo lemo ne, Hajiya. Ta raka shi har ƙofa da kanta, don ta tabbata ya fita.

Shi kuwa Mai-Agogo kunya ta ishe shi. Kullum da safe sai ya taka benci ya leƙo ta saman katanga, yana tsige zaren da hannu yana ba da haƙuri. Guntayen da ke zamewa daga yatsunsa suka faɗa a kan gwabar da ke kusa da famfo, ita ma ta kamu.

Shekara talatin da biyar Sista ta yi a tsaye kusa da likitoci. Ta ga ranar da suka yi daidai, ta ga ranar da suka yi kuskure, kuma muryarsu iri ɗaya ce a ranakun biyu. Don haka ba ta yarda da murya, sai da ido. Ta jawo kujera ta yi kwana da kwanaki tana kallon abin, har ta gane cewa wannan aikin tiyata ne. Duk reshen da zaren ya taɓa sai an yanke shi har a isa lafiyayyen itace, a ƙone shi a ranar, a haɗa da shingen Mai-Agogo. Kuma dole yankan ya tsaya sama da auren, don in zarto ya sauka ƙasa da kumburin nan, abin da zai tofo lemun tsami ne zalla. Ga shi kullum zaren ƙara gangarowa yake, wurin yanka yana ƙara matsewa. Ita kuma shekararta saba'in da ɗaya, kafaɗarta ta dama ba ta barin hannu ya wuce kunne. Masu saran itace biyu ta kira, duka da gatari suka zo, duka gindin suka fara dubawa. Ita hannu take nema wanda zai yanka inda ta ce, ba inda ya ga dama ba. Irin wannan hannun kuwa ta haifi guda huɗu: biyu na Injiniya, ɗanta na fari, biyu na Auta.

Wata biyu tana kiran su a waya, ba wanda ya taɓa barin ta ta kai ga faɗin sunan ciwon. Da ta ce lemon nan ba shi da lafiya, sai Injiniya ya ce, “Umma, bishiya ce fa. Bari mu ga ƙarshen wata.” Auta kuwa cewa take, “Umma, zan aiko miki da lemo katan guda, wallahi mai daɗi.”

Ranar wata Laraba ta ɗauko igiyar awon ɗinki ta auna, ta ga tsakanin zare mafi ƙasa da kumburin bai kai kamu biyu ba. Ta kira Auta a wurin aiki, kuma Allah ya sani, a farkon maganar ba ta da wata manufa.

“Auta, abin nan fa ya yi nisa. Ni kaɗai ba zan iya ba.”

“Wane abu, Umma? Ina da mutane a gabana.”

“Soyayya mana.”

Hayaniyar ofis ɗin ta ɗauke, alamar Auta ta shige wani ɗaki ta rufo ƙofa.

“Umma, me kika ce?”

“Soyayya. Daga wajen Mai-Agogo ta tsallako, tun tsakiyar damina. Na yi iya yina in raba, ta ƙi.”

“Mai-Agogo? Baba Mai-Agogo na kusa da mu? Mai tarin nan?”

“Shi fa. Shi ya fara, shi ma bai san abin zai kai haka ba.”

“To... yanzu har ina ya kai?”

“Ya kusa kaiwa ga auren. In aka ƙara wata guda, sai dai ku ji labari.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!”

A nan ne Sista ta ji abin da 'yarta ta ji. Ta buɗe baki za ta gyara, sai idonta ya faɗa ta taga a kan bishiyar, rabinta kore rabinta rawaya kamar mai ciwon shawara. Ta mayar da bakinta ta rufe.

“Umma, kada ki yi komai! Kada ki amsa wa kowa komai! Asabar muna nan tafe, ni da Yaya.”

“Ku zo da wuri,” in ji Sista, “kafin rana ta yi zafi.”

Ranar Asabar ƙarfe takwas saura kwata motar Injiniya ta tsaya a ƙofa, mutumin da bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, har haihuwarsa sai da ya ƙara mako biyu. Ya fito cikin fararen kaya masu guga, da takarda a aljihun gaba. Auta na biye da shi, idanu sun kumbura. Suka gaishe ta irin gaisuwar da ake yi wa marar lafiya, suka zauna a doguwar kujerar falo kafaɗa da kafaɗa, suna satar kallon fuskarta ko za su ga wani sabon abu. Sista ta zuba musu shayi.

Injiniya ya yi gyaran murya. “Umma, da farko dai, ba wanda ya zo don ya hana ki abin da addini bai hana ba.”

“Madalla.”

“Na biyu, mun san zaman kaɗaici ba daɗi. Laifinmu ne, ba ma zuwa.”

“Wannan maimaita shi, ban ji sosai ba.”

Ya leƙa takardarsa. “Na uku, a shekarunki...”

“Saba'in da ɗaya. Faɗi, ba zagi ba ne.”

“A shekarunki, irin wannan abu yakan zo ya wuce da kansa. In aka yi haƙuri aka ƙyale shi...”

“Haka matar mai wanki ta ce. Na ƙyale shi, ya ninka.”

“Matar mai wanki ta sani?” in ji Auta, ta dafe ƙirji.

“Duk layin nan wa bai sani ba? Daga titi ma ana hangowa.”

Ana haka sai ga sallamar Mai-Agogo. Sista ta faɗa masa tun jiya cewa yara za su zo a kan maganar soyayyar nan, shi kuwa ya ɗauka ranar hisabinsa ce ta zo. Ya sa hularsa ta fita, ya ɗaura agogo a kowane hannu, ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

“Yara, kafin ku ce komai, laifina ne. Mahaifiyarku ba ruwanta, tana zaman zamanta na jawo mata.”

Injiniya ya ce, “Baba, muna ganin girmanka.”

“Ni ma ban ɗauka zai zama haka ba. Na ga abu mai kyau ne, ga ni ni kaɗai a gida, na ce bari in samu abin da zan riƙa kallo da yamma ina jin daɗi.”

“Abin kallo?” in ji Injiniya.

“Wallahi iyakar niyyata ke nan. Yanzu kullum da safe ina kan katangarta, ina ta ƙoƙarin in raba, amma ina cire nan tana kama can. Ga shi har ta kama gwabar.”

“Wace ce kuma Gwabar?” in ji Auta, muryarta ta tashi sama. “Akwai wata?”

Sista ta duba jijiyar wuyan ɗanta, ta ga in ta ƙara minti ɗaya hawan jininsa zai zama nata aikin. Ta ajiye kofi ta miƙe. “Ku taso ku gani da idonku.”

A tsakar gida ta riga ta shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin bishiyar. Ga tsani a jingine, ga zarto da almakashin lambu a jere a kan tire, ga tsohon duro an cire masa murfi, ga tsofaffin riguna biyu a kan igiyar shanya. Ta nuna zaren rawaya da ya cika rassan.

“Ga soyayya.” Ta sunkuya ta dafa kumburin. “Ga aure. Ga tsani, ga zarto.”

Auta ta kalli zaren, ta kalli kumburin, ta kalli Mai-Agogo da agogunansa biyu. Sai dariya ta ƙwace mata, ta nemi bokiti ta kife ta zauna, hawaye na zuba a kan kumburarrun idanun. Injiniya bai yi dariya ba.

“Umma, taro biyu na soke. Kwana uku abinci bai wuce mini maƙogwaro ba.”

“Wata biyu ina cewa bishiya, ba ku da lokaci. Na ce soyayya, kun zo kafin in gama shara. Ƙarya na yi? Nuna mini kalma ɗaya.”

Ya nema, bai samu ba.

“Kuma tsaya in tambaye ka. Da a ce gaskiya ne, wannan takarda ta aljihunka, na huɗu me ta ce?”

Ya sa yatsa ya tura takardar can ƙasan aljihu.

Mai-Agogo ne na ƙarshen ganewa. “Sista, wai yaran nan sun ɗauka ni da ke...” Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. “Subhanallahi.” Ya juya hular a hannu. “Amma dai ba wani abin tashin hankali ba ne har haka, ko?”

“Malam, riƙe tsani.”

Da Injiniya ya sa tsohuwar riga, sai ya fara kawo dabarun rage aiki. Ya ce me zai hana a tsige zaren tas a bar rassan? Sista ta miƙa wa Mai-Agogo hannu, ya zaro ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in yana gyaran agogo, wanda ba ya rabuwa da aljihunsa. Ta sa ɗanta ya maƙala ya duba reshe. Duk inda zaren ya zagaya akwai wasu 'yan bakuna a jere kamar haƙoran zif, kowanne ya nutse cikin ɓawo.

“Ka tsige zaren, haƙorin yana ciki. Mako biyu ya sake tofowa. Tambayi mai tsanin nan, shi ya yi digiri a kai.”

“Gaskiya ne,” in ji Mai-Agogo cikin sanyin murya.

Ta ɗauki alli ta bi rassan da hannunta na hagu tana ja musu layi, waɗanda ba ta kai ba ta nuna da sanda. Daga nan tsakar gidan ya koma ɗakin tiyata. Injiniya a kan tsani da zarto, Mai-Agogo a ƙasa ya rungume tsanin kamar za a ƙwace masa, Auta tana karɓar kowane reshe da hannu biyu ta kwantar a kan tamfol. Dokar Sista ɗaya ce: ba abin da zai taɓa ƙasa. In guntun zare ya faɗi, aiki ya tsaya sai an gan shi.

Rassan suna saukowa da 'ya'yansu, koraye, girmansu kamar ƙwan kaza, ɗaruruwa.

“Umma, ko 'ya'yan mu tsinke?”

“Ɗanyu ne. Lemo ba ya nuna a kwando.” Ta faɗa tana duban wani wuri dabam.

Kafin azahar saura manyan rassa uku da suka rabu daga jikin bishiyar. Biyu zaren ya tsaya musu a sama, na tsakiyan kuwa ya gangaro masa har kusa da mararraba. Injiniya ya sauko daga tsani, gumi ya jiƙa shi sharkaf, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya zagaya bishiyar sau ɗaya irin zagayen da yake yi wa gini.

“Umma, mu a aikinmu in abu ya ruɓe ba ma faci. Yanka ɗaya a nan ƙasa, kowa ya huta, ta fito sabuwa fil.”

Yana faɗi yana ɗora zarto ƙasa da kumburin, har ya ja sau ɗaya, ɓawo ya karce.

“Ɗaga zarton nan!”

Muryar da ta sha sa ƙananan likitoci sakin almakashi ce. Zarto ya tashi da kansa. Har Mai-Agogo, da ba shi aka yi wa tsawar ba, sai da ya saki tsani.

“Daga kumburin nan zuwa ƙasa ba bishiyata ba ce, ƙafa ce kawai na ara mata. Ka yanka a nan, ta fito sabuwa fil, ka ci gaskiyarka, amma lemun tsami za ta fito, mai ƙaya kamar allura. Tun safe me kake tsammani muke karewa?”

Ta durƙusa da ƙyar, ta goge inda zarto ya karta, ta manna masa filasta. Sannan ta ja sabon layi. Rassa biyu aka bar musu tsawon kamu guda. Na tsakiyan aka bi shi har ƙasa, abin da ya rage masa bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Injiniya ya yanka a kan allin daidai, ko numfashi ba ya yi da ƙarfi.

Gwaba ta bi sahu. Da aka zo kan shinge, Mai-Agogo ya fara roƙo. “Sista, ko ɗan kusurwar nan a bar mini. Dubi yadda rana ke faɗa mata.”

“Malam, ka taɓa gyara agogo ka bar tsatsa a kusurwa?”

Ya karɓi almakashin, da hannunsa ya fara.

Aka cika duro aka cinna wuta, aka sake cikawa, har sau shida. Ƙamshin ganyen lemo ya bi layin gida-gida, har matar mai wanki ta leƙo ta ce an ƙone arziki. Da la'asar, da yaran suka yi shirin tafiya, Sista ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba mai fita sai an caje shi. A naɗin wandon Injiniya ta samu guntu kamar gashin gira. A jakar Auta kuwa ta samu dunƙule guda a nannaɗe cikin hankici.

“Umma, an ce yana sa gashi tsawo...”

“Wa ya ce?”

“Matar mai wanki.”

“Kin taɓa ganin kanta ba ɗankwali?”

Hankicin ma duro ya tafi.

Abin da ya rage a tsakar gida kututture ne mai yatsu uku, biyu dogaye ɗaya gajere, an shafe su da farin fenti don kada rana ta ƙone su. Gidan ya yi haske fiye da kima, irin hasken ɗakin da aka fitar da gado.

Bayan mako biyu, da sassafe, Mai-Agogo ya ƙwala kira daga kan bencinsa. “Sista! Albishirinki! Ta tofo!”

Ta fito da tabarau a hannu, ta sunkuya. Tofo biyar ne, koraye shar, masu sheƙi, kowanne da 'yar ƙayarsa. Dukansu ƙasa da kumburin suke. Ta sa babban yatsa ta murje su ɗaya bayan ɗaya.

“Haba Sista! Abu ya yi rai ki kashe?”

“Na ƙasa ne. In na bar su za su shanye ƙarfin, na sama ba zai ga dalilin tashi ba.”

Mako na uku guda shida suka fito, ta murje. Mako na huɗu guda uku. Malamin gona ya biyo ta layin, ya leƙo ta ƙofa ya ga fararen kututturan, ya ce, “Hajiya, ai na faɗa.” Injiniya, da bororon hannunsa bai gama warkewa ba, ya koma kira duk bayan kwana biyu yana tambayar yaya mai jiki. Auta ta ce, “Umma, ki bar na tsamin mana, ko inuwa a samu.”

Maganar ba ta banza ba ce, Sista ta fi kowa sani. Ta san saiwa ba ta rayuwa har abada ba ganye. Ta ga marasa lafiyar da aikinsu ya yi kyau, ɗinki ya yi kyau, likita ya wanke hannu yana murmushi, su kuwa ba su farka ba.

A mako na biyar tofo ɗaya tak ya fito, a ƙasa, siriri, koren nasa ma ya kwanta. Alama ce ƙarfin ya fara ƙarewa. Ta daɗe a durƙushe da yatsa a kansa. In ta bar shi, bishiya za ta rayu, sai dai ba tata ba. In ta cire, wataƙila shi ne na ƙarshe. Shayin da ta ajiye a bakin famfo ya huce. Ta murje shi, ta dafa kututturen ta miƙe, ranar ba ta yi wa kowa magana mai daɗi ba.

Kwana tara ba abin da ya motsa, sama ko ƙasa. Mai-Agogo ya daina kira daga katanga, sai dai ya leƙo ya koma.

Rana ta goma ta fito zagayen safe kamar kullum, tana bin jikin bishiyar da tabarau. A kan gajeren reshen nan, wanda aka bar wa yatsu huɗu, wanda ita kanta ta cire rai da shi, fenti ya tsage. A cikin tsagar akwai wani ɗan kore kamar kan ashana. Ta ɗora tafin hannu ta auna daga kumburin: sama yake, da tazara mai kyau. Ta duba ta kowane gefe, ba ƙaya. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ba ta kira kowa ba.

Can sai ga hular Mai-Agogo ta ɓullo ta saman katanga. Ya bi inda idonta yake, ya gani.

“Sista, wannan ma murjewa za ki yi?”

“Wanda ya taɓa wannan, ni da shi ne.”

“Na sama ne?”

“Na sama ne.”

Ya sauke ajiyar zuciya har benci ya yi ƙara. “To yaushe za mu sha lemo?”

“Shekara biyu. Ko uku.”

Ya ɗaga yatsu yana lissafin shekarunsa, bakinsa na motsi. “Saba'in da takwas ke nan. To, zan yi ƙoƙari.”

“Yi ƙoƙari,” in ji Sista. Ta gyara tabarau, ta matsa da kujerar gaba, ta shiga bin sauran rassan biyu tana kankare fentin a hankali da farce.